Yini Guda a Bakin Teku

 Maganarmu ta yau a kan hutu ce.

Wata ranar Asabar muka yi karo-karon kuɗi, mu iyali huɗu, muka ɗauki mota tun da asuba muka nufi Elmina a bakin teku. Hanyar ta bi ta Assin Fosu, ta sauka Cape Coast, tafiyar sa'a huɗu ko biyar. Mata suka yi guzurin wake da shinkafa, muka sayi dokunu da soyayyen kifi a can, muka zauna a inuwar itatuwan kwakwa. Yaranmu waɗanda ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Tafkin Bosomtwe ba suka tsaya baki buɗe. Muka gargaɗe su kada su wuce gwiwa, gama igiyar teku idan ta komo takan janye ƙafar mutum. Daga inda muka zauna muna hangen babban ginin nan da Turawan Fotugal suka gina a shekara ta 1482.

A can na koyi wani abu wurin masunta Fanti. Bisa ga al'adarsu ba su fita teku ran Talata. Ranar ce suke ɗinke taru, su gyara kwalekwale, su zauna da iyalinsu. Har gwamnatin Gana ma, a shekara ta 2019, ta tsai da masu kwalekwale wata guda, domin kifi ya sami sararin hayayyafa. To, ɗan'uwana mai rumfa a Kejetia, idan teku tana bukatar hutu, balle kai?

Na san abin da za ka ce mini: in na rufe rumfa yini guda, mai saye zai koma wurin maƙwabcina. Gaskiya ne, za ka yi hasarar cinikin ranar. Amma ka lissafta ɗaya hasarar kuma. Akwai uban da 'ya'yansa ba su san fuskarsa da rana ba. Akwai matar da ba ta sami maganar kirki da mijinta ba sai ta kuɗin cefane. Allah da kansa, da ya gama halitta cikin kwana shida, ya keɓe na bakwai ya tsarkake shi. Gajiya ba ta kama shi, amma ya san mu turɓaya ne.

Cikin Bishara ta hannun Markus, sura 6, an gaya mana almajiran Yesu sun komo daga aiki, mutane kuwa suna ta kai da kawowa har ba su sami damar cin abinci ba. Ashe ba haka kasuwarmu take ba? Sai Yesu ya kira su su keɓe su ɗan huta, suka shiga jirgi a Tekun Galili. Cikin Bishara ta hannun Yohanna kuma, sura 21, bayan tashinsa daga matattu, ya same su a bakin ruwan nan da sassafe, sun kwana ba su kama kome ba. Ya nuna musu inda za su jefa taru, suka kama manyan kifaye 153. Da suka fito gaɓa suka tarar ya riga ya hura wuta, ga kifi ga gurasa. A wurin Bitrus yake, wanda ya yi musun saninsa sau uku. Sai da suka ci suka ƙoshi Yesu ya yi magana da shi, ya mai da shi kan aikinsa.

Mu ma mun ga irin wannan. Cikin ayarinmu akwai mutum biyu, wa da ƙane, waɗanda bashin kuɗin goro ya raba su, sun daɗe ba su gaisa ba. A kasuwa kowa yakan kau da kai, ya ce aiki ya yi masa yawa. A bakin teku kuwa babu rumfar ɓuya. Suka sa hannu a kwano ɗaya, ƙanen ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Wan ya yi shiru, sa'an nan ya tura masa kan kifi. Bashin yana nan, amma yanzu suna maganarsa kamar 'yan'uwa.

Ba lalle sai ka je Elmina ba. Bosomtwe na kusa, inuwar ƙofar gidanka ta fi kusa. Ka keɓe yini guda, ka tara iyalinka, ka kira wanda kuke gaba da shi. Hutun jiki na yini ɗaya ne, amma Yesu yana kiran masu nauyin zunubi su zo gare shi su sami hutun rai, ba da kuɗi ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, wanda ya yi teku ya sa mata iyaka, ka koya mana mu sa wa neman duniya iyaka. Ka sulhunta mu da 'yan'uwanmu, ka hutar da zukatanmu, saboda Yesu Kristi. Amin.