Noti ɗaya a madadin biyar: Motar da ta raba kan masoya tseren NASCAR

Ranar 6 ga Fabrairun 2022 aka fito da wata sabuwar motar tsere a filin Coliseum da ke birnin Los Angeles na Amurka, kuma tun daga ranar masoya gasar NASCAR ba su daina cacar baki a kanta ba. Sunanta Next Gen. Wasu na cewa ita ta farfaɗo da gasar, wasu kuma na ganin ta raba wasan da asalinsa.

Mai karatu a Roni ko Gwiwa zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Sai dai duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ya ji tsofaffin direbobin hanyar Kano zuwa Kazaure suna begen Fijo 504, wadda kowane bakanike ke iya kwance ta ya ɗaure a gindin bishiya, suna kushe motocin yanzu da sai an jona musu kwamfuta kafin a gano ciwonsu, to ya riga ya san rabin wannan rigima.

An kafa NASCAR a 1948 a Daytona Beach da ke jihar Florida, ƙarƙashin jagorancin Bill France. Abin da ya bambanta ta da Formula 1 shi ne motocinta sun yi kama da waɗanda mutane ke hawa a titi. A yau kamfanoni uku ne ke fafatawa: Chevrolet da Ford da Toyota, kuma ta Toyota ɗin Camry ce, irin wadda ta cika titunanmu, ko da yake a fuska kawai suka yi kama. Ana tseren ne galibi a fili mai siffar ƙwai, inda a wuri irin Daytona gudun ke kai wa kusan kilomita 300 a sa'a.

Me aka sauya?

Kusan komai. An bar wilin ƙarfe mai inci 15 aka koma na alminiyam mai inci 18. Giya huɗu ta koma biyar. Tayoyin baya da a da suke haɗe a sanda guda, yanzu kowace na motsi ita kaɗai. An sa kyamarar da ke nuna wa direba bayansa.

Amma abubuwa biyu ƙanana ne suka fi tayar da jijiyar wuya tun kafin motar ta taka kwalta. Na farko shi ne noti. Shekara da shekaru ana ɗaure kowace taya da noti biyar, kuma kallon yadda masu sauya taya ke kwance su cikin ƙiftawar ido wani ɓangare ne na wasan. Sabuwar motar noti ɗaya gare ta a tsakiya, irin na motocin tseren Turai. Na biyu, lambar mota da aka saba gani a tsakiyar ƙofa an matsar da ita gaba, domin masu talla su samu fili. Ga wanda ya tashi yana gane gwaninsa da lambar nan tun daga nesa, wannan tamkar sauya wa doki ado ne ana tsakiyar hawan sallah.

Babban sauyin kuwa ba a ganin sa da ido. A da kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta a garejinta, mai kuɗi da ƙwararrun injiniyoyi ya fi kowa. Yanzu hukumar ta zaɓi kamfanonin da kowa zai sayi manyan kayan motar a wurinsu, kuma wanda aka kama ya taɓa su zai sha tara mai nauyi. An ce an yi haka ne don a rage kashe kuɗi, a kuma ba ƙananan ƙungiyoyi dama.

Ta wannan fuska shekarar farko ta ba masu goyon bayan motar abin faɗa. Direbobi 19 daban-daban ne suka ci tsere a 2022. Sabon shiga Austin Cindric ya lashe Daytona 500, Daniel Suárez ya zama ɗan asalin Meziko na farko da ya ci tsere a babban rukunin, abokin aikinsa Ross Chastain kuma ya ƙare na biyu a gasar, alhali ƙungiyarsu ta Trackhouse tana shekararta ta biyu ne kacal. A filaye masu tsawon mil ɗaya da rabi wasan ya ƙara armashi. A Kansas, cikin Mayun 2024, Kyle Larson ya riga Chris Buescher tsallake layi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, tazara mafi ƙanƙanta a tarihin rukunin.

Inda gizo ke saƙar

A ƙananan filaye labarin ya sha bamban, kuma a nan ne tsofaffin masoya suka fi jin zafi, domin a irin waɗannan filaye wasan ya girma. A Martinsville, filin da bai kai kilomita ɗaya ba, direbobi biyu 'yan ƙungiya ɗaya ne suka jagoranci kusan dukkan zagayen tseren Afrilun 2022. Mutane sun biya kuɗi sun zauna cikin sanyi suna kallon jerin gwano.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Faffaɗar taya ta fi riƙe ƙasa, birki ya ƙara ƙarfi, direban da ya yi kuskure a kwana yana iya sauke giya ya gyara nan take. Injin kuma an rage masa ƙarfi zuwa na dawaki 670, alhali a wajajen 2014 yana kusantar 900. Idan motoci duk iri ɗaya ne, kuma ba su cika zamewa ba, ta ina na baya zai wuce na gaba? A ganina wannan ƙorafi ya fi na noti da lamba tushe nesa ba kusa ba.

Sai batun lafiya, wanda ya fi komai muni. Bayan motar ya yi tauri da yawa, ta yadda idan ta bugi katanga da baya, jikin direba ne ke shan dukan. Kurt Busch, zakaran 2004, ya samu girgizar ƙwaƙwalwa a Pocono cikin Yulin 2022, kuma bai sake shiga tseren rukunin ba. Alex Bowman ya gamu da irin wannan a Texas cikin Satumba, ya rasa tsere biyar. A watan ne kuma motar Kevin Harvick ta kama da wuta a Darlington ba tare da ya yi karo da kowa ba, ya fito ya ɗora laifin a kan rashin ingancin kayan da aka tilasta musu saya. Ga wasan da har gobe bai manta da mutuwar Dale Earnhardt a Daytona a 2001 ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar ta sake fasalin bayan motar kafin kakar 2023 domin ya riƙa lanƙwashewa yana shanye ƙarfin karo.

Ba yau farau ba. A 2007 an kawo motar da aka kira Car of Tomorrow, wadda aka ƙera da nufin kare rayukan direbobi. Kyle Busch ya ci tserenta na farko a Bristol, yana fitowa ya kushe ta a gaban kyamara. Fiffiken da aka ɗora mata a baya ya sha tsana har aka cire shi a 2010.

Wannan karon rigimar ta kai gaban alƙali. A Oktoban 2024 ƙungiyar 23XI, mallakar shahararren ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan da direba Denny Hamlin, tare da Front Row Motorsports, suka maka NASCAR a kotu bisa zargin babakere, kuma tsarin sayen kayan mota daga kamfanonin da hukumar ta zaɓa yana cikin abubuwan da suka yi ƙorafi a kai. A ɓangaren 'yan kallo kuwa, hukumar ta sanar a Oktoban 2025 cewa daga kakar 2026 za a ɗaga ƙarfin injin zuwa na dawaki 750 a ƙananan filaye da masu kwana-kwana. Noti ɗaya da lambar da aka matsar suna nan yadda suke.