Makullin Rumbu a Filadalfiya

Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san cewa rigima ba ta cika tashi a gona ba. A bakin rumbu take tashi, bayan mahaifi ya kwanta dama, 'yan'uwa sun zauna suna tambayar wa zai riƙe gida, kuma ina ikonsa zai tsaya. Irin wannan zaman Amurkawa suka yi a birnin Filadalfiya a 1787.

Jihohi 13 ne suka kori mulkin Ingila, kuma da yake sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun sarki, sai suka naɗa wa kansu maigida suka ɗaure masa hannu. Yarjejeniyar tarayya da ta fara aiki a 1781 ba ta ba majalisar ƙasa ikon karɓar haraji ba. Roƙo take yi, jiha in ta ga dama ta bayar. Ka ɗauka babban wa ne aka ɗora wa ciyar da gida da biyan bashi da gyaran katanga, alhali kowane ƙane ya tare a gayaunarsa, ba mai fita aikin gandu. Da aka nemi sa harajin kashi 5 cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su, jihar Rod Ailan ta ƙi a 1782, magana ta mutu, domin sai kowa ya yarda ake taɓa yarjejeniyar. A 1786 kuwa manoman Masacusets da bashi ya shaƙe suka tashi, Daniel Shays na cikin jagororinsu, suka hana kotuna zama, gwamnatin tarayya tana kallo ba kuɗi ba soja.

Shi ya sa Alexander Hamilton da James Madison suka dage a ba babban wa makulli na gaske. George Mason, wanda ya ƙi sa hannu a takardar tsarin mulkin da aka rubuta, da Patrick Henry, wanda bai ma je taron ba, suka ce a yi hattara: wanda ya mallaki rumbu yau, gobe gayaunarka zai leƙa. Ni dai ban ga laifin tsoronsu ba. Gandu nawa ya watse saboda babban wa ya yi sabon aure da hatsin kowa?

Dabarar da Madison ya kare, wadda ya ɗebo daga Bafaranshe Montesquieu, ita ce a ba gida ƙarfi amma a rarraba aikin rumbu. Majalisa ke riƙe da mudu, ita ke faɗin nawa za a tara, nawa za a fitar, kuma ko kwabo ba ya barin baitulmali sai da dokarta. Makulli na hannun shugaban ƙasa. Alƙalai su ne dattawan da ake kira in an yi musu. Abin da ya fi burge ni shi ne Madison bai dogara da halin kirkin kowa ba. Ya san mutum da son girma, sai ya sa son girman wannan ya tsare na wancan. Shugaba na iya ƙin sa wa doka hannu, amma kashi biyu cikin uku na ɓangarorin majalisa biyu sun isa su tsallake shi. Shi ke zaɓo alƙali, majalisar dattawa ta tantance, in alƙalin ya zauna kuwa shugaba ba ya iya tsige shi, albashinsa ma ba a rage shi.

Akwai waɗanda ba a kira zaman ba, kuma su ne ke noman. Bayi ba su da baki, sai dai aka ƙirga kashi uku cikin biyar nasu don ƙara wa iyayengijinsu kujeru. Wannan tabo ne da tsarin rabon iko bai wanke ba.

Da aka kai takardar jihohi su amince, da ƙyar ta sha a wasu: ƙuri'a 89 da 79 a Bajiniya, 30 da 27 a Niyok. Masu tsoron nan sun faɗi, amma ba su tashi hannu wofi ba. A 1791 aka ƙara gyare-gyare goma, na goman ya ce duk ikon da ba a ba tarayya ba, ba a kuma hana jihohi shi ba, ya zauna wurin jihohi ko jama'a. Gayauna ta shiga takarda ke nan.