Idan Likita Ya Canja Maganin Mai Taɓin Hankali Zuwa Ƙwayar Sau Ɗaya A Rana

 Yau hirar tamu ta shafi masu jinyar mai taɓin hankali a cikin gida, ko ɗa ne, ko ƙanwa, ko maigida. Kun dai sani, likita ne ke rubuta magani, maigida ko wani yaro ya je kemis ya sayo, amma ba da shi safe da dare, a hannunki yake uwargida. Shi ya sa in aka canja magani, ke ce ya fi kamata ki fahimci canjin.

Akwai maganin da ake kira quetiapine, ana ba masu irin wannan lalura. Na asali akan sha shi sau biyu a rana. A shekarar 2007 aka amince da wani sabon samfurinsa a Amurka, wanda ake sha sau ɗaya tak. Sinadarin ɗaya ne, yadda aka haɗa ƙwayar ne ya bambanta. Na farko kamar ki sheƙa bokitin ruwa ne a gindin shuka, nan da nan ya shige, an jima ƙasa ta bushe. Na biyun kuwa kamar tulu ne mai 'yar huda, yana ɗiga a hankali har gari ya waye. In kika duba kwalin za ki ga an ƙara haruffa XR ko XL bayan sunan. Ko ba ki karatun boko, ki sa yaro ya nuna miki su.

To, me ya sa likita kan canja? Sau da yawa saboda mantuwa ne. Wanda ake ba sau biyu, yau a ba shi na safe, gobe hidima ta sha kai a manta na dare, sai ciwo ya sami ƙofar dawowa. Yawanci likita kan haɗa abin da ake sha a yini ne ya mayar da shi sau ɗaya. Misali mai shan miligiram 200 da safe, 200 da dare, sai a ba shi 400 na sabon. Amma wannan lissafin na likita ne, ba namu ba.

Yanzu ga babban jan kunnen. Sabuwar ƙwayar ba a raba ta biyu, ba a tauna ta, ba a daka ta. Haɗiye ta ake yi ɗungurungum da ruwa. Na san al'adarmu, in majinyaci ya ƙi sha, sai a murƙushe da bayan cokali a zuba a kunu. Don Allah kada ki yi haka da wannan. Kin fasa tulun ke nan, maganin yini guda ya malale cikin jiki lokaci ɗaya. Sai ki ga barci mai nauyi, jiri, har ya yanke jiki ya faɗi in ya miƙe. In ya ƙi sha, a gaya wa likita gaskiya. Akwai wasu hanyoyin, har da allurar da ake yi wata-wata, irin ta haloperidol.

Na biyu, ranar da aka fara sabon, a kawar da tsohon, sai dai in likita ne ya ce a haɗa. Kada ki ce ai kuɗi aka sa, bari a ƙarasa ragowar. Ninki biyu ke nan kika ba shi. Haka in an manta jiya, ba a haɗa biyu yau.

Na uku, abinci. Sabon quetiapine ba ya son a ɗora shi kan abinci mai maiƙo, domin maiƙo na sa ya shiga jini fiye da yadda ake so. An fi so a sha shi da dare, ciki ba nauyi. In azumi ya gabato, a tambayi likita lokacin da ya dace, kada a bi shi a bayan ƙosai da soye-soyen buɗa-baki.

Akwai kuma wani mai suna paliperidone, shi da safe ake sha. Ɓawonsa ba ya narkewa, kina iya ganin kamar ƙwayar ta fito a bayan gida. Kada ki tsorata, maganin ya riga ya shiga jiki, kwanson ne kawai. Kada ki ƙara masa wata.

Makonnin farko ki sa ido sosai. In ya daina barci, ya koma magana shi kaɗai ko zargin mutane, a koma asibiti, kada a jira ranar da aka ba ku. In kuwa zazzaɓi mai zafi ne, jiki ya sandare, hankali ya rikice, wannan ba ya kwana, a tafi nan take. Yawan ƙishirwa da fitsari da ƙiba ma a faɗa, don a auna suga. Mai ciki ko mai shayarwa ta sanar da likita, amma kada ta tsayar da magani da kanta.

Ki roƙi maigida ya bar ki ki bi su asibiti, ko Dawanau ne a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato. Ke kike kwana kike tashi da majinyaci, bayaninki ya fi na kowa amfani ga likita. Ku tafi da kwalayen duka, tsoho da sabo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.