Amsoshin Takardunku: Yadda Likitoci Ke Auna Raunin Soja Kafin A Biya Shi Diyya

A wannan mako takardu biyu na ɗauko, domin duk magana ɗaya suke yi, kuma masu su sun roƙa a sakaya sunayensu.

Ta farko daga wani manomi ce a yankin Gatawa, ƙasar Sabon Birni. Ya ce mahaifinsa yana cikin sojojin da aka kai Laberiya ƙarƙashin rundunar ECOMOG, wadda ta sauka can a 1990. Ya dawo da gutsuren ƙarfe a cinya, kunnensa na hagu kuma ya toshe. Yanzu ƙafar ta ƙi, ko kunya biyu ba ya iya nomewa. Yana tambaya, shin da wane ma'auni likitoci ke auna irin wannan rauni, kuma ana iya sake duba tsoho bayan shekaru masu yawa? Ta biyu daga wata 'yar kasuwa ce a garin Isa. Ƙanenta ya ji rauni a bakin daga a Arewa maso Gabas, an ce zai bayyana gaban likitocin soja. Ta ce ba ya barci, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura, amma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce lafiya lau.

To, Malam da Hajiya, mun gode da takardunku. Allah Ya ba Baba da ƙanenmu lafiya. Bari mu fara raba abubuwa biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai fansho na tsawon aiki, wanda shekarun da mutum ya yi da muƙaminsa ne ke yanke shi. Akwai kuma abin da ake biya saboda nakasar da aikin soja ya jawo. Wannan na biyun ba a lissafa shi da shekaru, da alƙalamin likita ake lissafa shi. Hukumar Fansho ta Soja, wadda ofishinta ke Dutse-Alhaji a Abuja, ita ke biyan kuɗi, amma ba ita ke duba ciwo ba. Abin da takardar likitoci ta ce, shi take bi. Haka nan tantance 'yan fansho da ake yi lokaci-lokaci, wannan don a tabbatar mutum yana raye ne kuma shi ne mai sunan. Ba duba lafiya ba ne. Kada Baba ya je wurin tantancewa ya nuna ƙafa, ya dawo yana zaton an rubuta.

Masu dubawar wani kwamiti ne na likitocin soja, wanda a bariki ake kira medikal bod. Yakan zauna a manyan asibitocin soja, irin su asibitin 44 da ke Kaduna da na 68 da ke Yaba a Legas. Tambayoyi uku ne a gabansu. Mene ne ciwon? Aikin soja ne ya jawo shi, ko ya ƙara tsananta shi? Kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin mutumin ya tafi? Amsar nan ta uku ita ce lambar da za ta bi mutum, wataƙila har ƙarshen ransa.

Wannan salo na kashi bisa ɗari mun gaje shi ne daga Ingila, tun zamanin da kakanninmu suka je yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945. Bari in ba ku misali da jadawalin Ingila na fanshon yaƙi, don ku ga yadda abin yake. Wanda ya rasa hannu ɗaya daga wuyan hannu, kashi 60. Babban yatsa, kashi 30. Ido ɗaya in ɗayan lafiyayye ne, kashi 40. Manuniya, kashi 14. A wurinsu wanda ya kai kashi 20 zuwa sama fansho zai riƙa karɓa, wanda bai kai ba sai a ba shi kuɗi dunƙule sau ɗaya, shi ke nan. Ku lura, lambobin na Ingila ne, kada wani ya riƙe su ya je yana gardama a Kaduna. Abin da nake so ku gani shi ne, tazarar kashi biyu ko uku kan raba mai karɓa kowane wata da wanda aka sallama da kuɗin da ba zai kai baɗi ba.

'Yan kasuwa za su ji daɗin lissafin Amurka. Can idan mutum yana da ciwo biyu, ɗaya kashi 50 ɗaya kashi 30, ba a cewa 80. Sai a ce na farko ya cinye rabin buhu, na biyu kuma kashi 30 ne na rabin da ya rage, wato 15. Jimla 65, sai a cika ta zuwa 70. Ka ga ashe ko ciwo ƙarami in ba a rubuta shi ba, an yi asara.

Yanzu ga inda matsalar take, kuma nan nake so Hajiya ta kasa kunne. Hannun da aka yanke, ko yaro ya gan shi. Gwiwa akwai wani ma'auni mai kama da almakashi da ake ɗorawa a ga iyakar lanƙwasarta, lafiyayya takan kai wajen digiri 135. Gutsuren ƙarfe hoton ƙashi zai nuna shi. Kunne ana sa wa mutum abin sauraro a ɗaki marar hayaniya, a riƙa sako ƙara siririya da mai kauri, yana ɗaga hannu in ya ji. Amma akwai abubuwan da babu na'urar da ke gani. Zogin da ke hana barci. Ƙarar da ke kuka a cikin kunne dare da rana, wadda a Amurka ita ce kan gaba cikin abubuwan da ake biyan tsofaffin sojoji diyya a kansu. Jiri bayan fashewar bam. Firgita da mugun mafarki. Waɗannan sai mai su ya faɗa da bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu kuwa Hausawa, balle Gobirawa da ake yi wa kirari da jarumta, an rene mu a kan cewa namiji ba ya raki. Ka je gaida marar lafiya yana nishi, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Wannan gaisuwa ce, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma gaban kwamitin likitoci ba wurin gaisuwa ba ne. Ƙari a kan haka, soja ƙarami yana tsaye gaban hafsa, an horar da shi ya ƙame ya ce babu matsala. Likita ya ce lanƙwasa ƙafa, sai ya cije ya lanƙwasa har ƙarshe, ya koma masauki ya kwana yana juyi. Likita kuwa abin da ya gani ya rubuta.

Lokacin da nake koyarwa a firamare, kafin in shigo aikin rediyo, ina da ɗalibin da ya fi kowa sanin lissafi a baki, amma ranar jarrabawa sai ya bar rabin takarda fari. Na san ya sani, amma ba ni da ikon ba shi maki a kan abin da bai rubuta ba. To haka likitan nan yake.

Saboda haka, Hajiya, ki zaunar da ƙanenki kafin ranar. Ba ƙari zai yi ba, domin likitoci sun san mai ƙari, kuma ƙarya guda takan ɓata gaskiya goma. Gaskiya zai faɗa cikakkiya. Kada ya ce ƙafa na ciwo kawai. Ya ce daga ina zuwa ina yake iya takawa kafin ya zauna. Ya ce ko yana iya durƙuson salla ko a zaune yake yi. Ya ce ko yana iya hawa babur, ko ɗaukar jarkar ruwa, ko sunkuyawa da fartanya. Ya faɗi yadda ranarsa mafi muni take, ba ranar da ya tashi da dama-dama ba. In likita yana lanƙwasa gaɓa, daidai inda zafi ya fara ya ce nan ne. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta daren da bai yi barci ba da abin da ya tashe shi, ko da ajami ne. Batun firgitar nan kuma ba aljanu ba ne, ba ragwanci ba ne. Ciwo ne da likitocin ƙwaƙwalwa suka sa wa suna a littafinsu tun 1980, bayan abin da aka gani a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam, kuma yana da magani. Ya faɗe shi a gaban kwamiti, ya roƙi a haɗa shi da likitan fannin. Mu nan jihar Sakkwato muna da asibitin gwamnatin tarayya na wannan fanni a Kware.

Sai tambaya ta biyu ta kwamiti, wato ko aiki ne ya jawo ciwon. Nan takarda ke magana. Rahoton da rundunarsa ta rubuta ranar da ya ji rauni, katin asibitin da aka fara kai shi, hotunan ƙashi, takardun magani, lambarsa ta soja. A yi kwafin kowace, a ajiye wani a wajen ɗan'uwa a wani gari. Ba sai na gaya wa mutanen Sabon Birni da Isa dalili ba. Gidaje nawa aka ƙona, mutane nawa suka gudu da kayan jikinsu kawai zuwa Sakkwato ko suka tsallaka jihar Maraɗi? Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauki kowace takarda ya tura wa wanda ya amince da shi.

Malam na Gatawa, batun Baba ya fi wuya, ba zan ɓoye maka ba, domin an haura shekara talatin. Amma ka fara da abin da ke hannunka. Ka duba takardar sallamarsa ka ga ko saboda rashin lafiya aka sallame shi, ko wa'adinsa ne ya cika. Ka kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yi hoton cinyar, a auna kunnen, a ba ku rahoto a rubuce. Ƙarfen da ke cikin naman nan shaida ne da ba ya tsufa. Sannan ku je ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, wato Lijiyon, wadda doka ta kafa a 1964 don kula da irin su Baba, su taimaka a rubuta koke a bi da shi ta hanyar da ta dace. Ban yi maka alkawarin za a ƙara ko kwabo ba. Amma ka tambayi batun inshorar lafiya ta sojoji, wadda kamfanin DHML ke gudanarwa kuma ta haɗa da masu ritaya, ko maganin ƙafar ya sauka daga wuyanka. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya gyara maka fayil a Abuja, ka riƙe kuɗinka.

Ni a ganina gyaran ba na masu ciwo kaɗai ba ne, har da masu dubawa. Babban abu shi ne nisa. Gurgu ya tashi daga Sabon Birni ya bi ta Goronyo zuwa Sakkwato, daga nan ya kama hanyar Gusau da Funtuwa da Zariya kafin Kaduna, kuɗin mota nasa da na mai rakiya, ga halin hanya. Ba mu manta matafiyan da aka ƙona cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021 ba. Alhali hedkwatar runduna ta 8 tana nan Sakkwato, ga barikin Giginya, ga asibitin koyarwa. Me zai hana likitocin su riƙa zuwa zama a nan sau ɗaya ko biyu a shekara? A Amurka har motoci ake da su masu ɗakin gwaji a ciki, suna bin karkara, kuma ana mayar wa tsohon soja kuɗin tafiya. Sai harshe. Tsoho zai iya ba da umurnin fareti da Turanci, amma bambancin zogi da tsuka da suka da sanyin ƙashi sai da Hausa. A sa tafinta, a bar matarsa ko ɗansa ya shiga, domin su ne ke ganin dare. A kuma karanta masa abin da aka rubuta kafin ya sa hannu, a ba shi kwafi. Ciwon da aka auna mutum yana ɗan shekara talatin ba haka zai zauna ba in ya kai sittin, don haka neman sake dubawa ya kamata ya zama abu mai sauƙi da kowa ya san ƙofarsa.

Kada a ce irin wannan gyara ba ya yiwuwa. A 2022 Amurka ta yi dokar da ta ce wasu cututtukan huhu da daji, in sojan ya yi aiki a wuraren da ake ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan, an ɗauka aiki ne ya jawo, ba sai ya kawo hujja ba. 'Yan'uwanmu na Tsibiri da Madawa da ke kama tasharmu su ma suna da labari. Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka da dokar 1959, bai koma daidai da na Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011, bayan kotun tsarin mulki ta yi hukunci a 2010. Da yawansu ƙasa ta riga ta rufe musu ido.

Wani daga Turba ya aiko da gajeriyar tambaya, ko 'yan sa-kai da 'yan sintiri da suka ji rauni suna cikin wannan tsari. A'a, Malam. Hukumar Fansho ta Soja ta sojan ƙasa da na ruwa da na sama ce, masu lambar soja. Wanda gwamnatin jiha ta ɗauka, wurin jiha zai kai kukansa, amma shawarar adana takardun asibiti ta shafe shi.

Hajiya, in an sa ranar, a samu wanda zai raka shi, ya tafi da sandarsa in yana dogarawa, da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu. Ki sake rubuto mana mu ji yadda aka ƙare. Sauran takardu, har da ta masu tambaya kan tsutsar wake, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.