Katin Yawon Buɗe Ido a Santambul: Riba ko Asara?

Yau shirin namu ya yada zango a Istanbul ta ƙasar Turkiyya, wadda kakanninmu ke kira Santambul. 'Yan kasuwarmu sun san unguwar Laleli kamar yunwar cikinsu. To amma idan an gama saro kaya, an ɗaure dila, saura kwana biyu jirgi ya tashi, sai mutum ya ce bari ya ɗan buɗe ido. A nan ne za a nuna maka wani kati, a ce biya sau ɗaya, ka yi ta shiga.

Sunan katin Museum Pass Istanbul, na ma'aikatar al'adu ta ƙasar ne. A 2024 kuɗinsa yuro 105, yana aiki kwana biyar, kuma ƙidayar tana farawa ne daga ƙofar farko da ka shiga da shi. Kowane wuri sau ɗaya. Wannan ke nan a taƙaice.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Aya Sofya. Ginin nan an kammala shi a shekara ta 537 a matsayin coci, ya zama masallaci a 1453, aka mayar da shi gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan ya sake komawa masallaci a 2020. Idan ka hau bene, akwai wata 'yar katangar farin dutse da mutane ke dafawa su leƙa ƙasa. A jikinta za ka ga wasu 'yan zane-zane, sai ka ce yaro ne ya yi wasa da ƙusa. Ashe rubutu ne, irin na mutanen can ƙuryar arewacin Turai, mayaƙan nan da ake kira Baikin. Ya goge sosai, amma masana sun iya karanto suna guda: Halfdan. Ana kyautata zaton shekara dubu ke nan ko fiye. Ku duba fa, jama'a. Mutum ya baro ƙasar ƙanƙara, ya keto koguna, ya tsaya a ƙarƙashin wannan ƙasaitacciyar ƙubba, abin da ya faɗo masa a rai shi ne ya zaro wuƙa ya rubuta sunansa. Halin ɗan Adam! Irin dai abin da ɗalibai ke yi wa bangon aji.

To kana son ganin rubutun Halfdan? Katin nan ba zai kai ka ba. Tun Janairun 2024 baƙo mai yawon kallo yana biyan yuro 25 daban kafin ya hau benen. A sake ji: daban. Haka ma tsohon ma'ajin ruwan nan na ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, da ke tsallaken titi, shi ma ba ya cikin katin.

Sai mu zo kan lissafi, tunda mai kasuwa ba ya saye da ka. A farashin 2024, hasumiyar Galata yuro 30, gidan kayan tarihin da aka tono 15, gidan fasahar Musulunci, mai tsofaffin dardumai da Alƙur'anai rubutun hannu, 17. Duka 62. Sai ka ɗora fadar Topkapi a kai kafin ka kamo kuɗin katin. Wurare huɗu ke nan, kuma Topkapi kaɗai tana cin rabin wuni. Can ne ɗakin amanoni masu tsarki da aka kawo bayan Sarki Salim ya ci Masar a 1517, inda ake karatun Alƙur'ani dare da rana, kuma ban ga Musulmin da zai shiga ɗakin nan yana duba agogo ba.

Af, ita Topkapi a rufe take ranar Talata. Ni da kaina na taɓa tafiya da sassafe, na ci ado, na tarar da ƙofa a garƙame. Laifina ne, ban tambaya ba. Da da kati a aljihuna, kwana guda ya tafi a banza ke nan.

Ga kuma abin da masu tallar kati ba sa faɗa. Masallacin Sultan Ahmad kyauta ne. Na Sulaimaniyya kyauta. Babbar kasuwa mai rufi kyauta, sai dai ba ta ci ranar Lahadi. Jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, wato daga Turai zuwa Asiya, da katin hawa motar haya na gari ake biya.

Lokaci na hararar mu. Akwai wasu katunan na kamfanoni masu haɗawa da ɗan rakiya, su sai a wani shirin. Farashi yana sauyawa, a duba kafin a biya. Amma in kwana biyu gare ka, Alhaji, ka bar katin nan, ka sayi tikitin Topkapi kawai, sauran ka yi sallah a masallatai ka sha iskar teku. Mai kwana huɗu ko biyar, mai ƙafar yawo, shi ne zai ci ribarsa.