Haɗe Shafuka Masu Kama Ɗaya a Cibiyar Manhajar Linux: Tsadar Aikin da Hanyoyin Rage Ta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata dabara da cibiyar babbar manhajar Linux ke amfani da ita wajen tsimin ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta. Abin da ake nufi da “cibiya” a nan shi ne ɓangaren manhajar da ke raba wa sauran manhajoji ƙwaƙwalwa da lokacin aiki. Ita wannan ƙwaƙwalwa an yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiran ta “shafi”, kuma a mafi yawan kwamfutoci shafi ɗaya yana ɗauke da bayit 4,096.

Sau da yawa akan ɗora kwamfutocin kwaikwayo masu yawa a kan na'ura ɗaya, kowace tana gudanar da manhaja iri ɗaya da ta 'yar'uwarta. Ke nan za a tarar da dubban shafuka waɗanda abin da ke cikinsu bai bambanta ko da bayit ɗaya ba. Dabarar ita ce a ajiye kwafi guda, a nuna wa kowa shi, a saki sauran. Carl Waldspurger ya bayyana irin wannan tsari a manhajar VMware a shekarar 2002, sannan na Linux, wanda aka fi sani da KSM, ya shiga fitowa ta 2.6.32 a watan Disamba na 2009. Kamfanin Red Hat ya ba da rahoton cewa da wannan dabara ya gudanar da kwamfutocin kwaikwayo 52 na Windows XP, kowace mai gigabayit 1, a kan na'ura mai gigabayit 16 kacal.

2.0 Yadda Ake Gano Tagwayen Shafuka

Wani ɗan aike na cibiyar, mai suna ksmd, shi ke zagaya shafukan da aka yi wa rajista yana neman tagwaye. Da zai kwatanta kowane shafi da dukkan sauran, da aikin ba zai ƙare ba. Saboda haka yakan jera shafukan bisa ga abin da ke cikinsu, kamar yadda mai ƙamus ke jera kalmomi bisa abajadi domin mai nema ya tsallake rabin littafin da buɗawa ɗaya. Jerin nan iri biyu ne. Na farko, wato tabbataccen jeri, ya ƙunshi shafukan da aka riga aka haɗe aka kuma hana rubutu a kansu. Duk manhajar da ta nemi yin rubutu a irin wannan shafi, sai cibiya ta dakatar da ita, ta yi mata kwafinta na kanta, sannan ta bar ta ta ci gaba.

Jeri na biyu shi ne mai rikici, domin shafukan cikinsa ba a kulle suke ba. Tamkar ƙamus ne wanda kalmominsa ke sauya haruffa bayan an gama jera su. Don haka akan rushe shi a ƙarshen kowane zagaye a sake ginawa. Har ila yau, ɗan aiken yakan lissafa wa kowane shafi wata lambar shaida daga abin da ke cikinsa. In ya dawo ya tarar lambar ta sauya, ya san shafin bai zauna ba, sai ya wuce shi.

3.0 Inda Tsadar Take

Bisa ƙa'idar da aka saka tun asali, ɗan aiken yana duba shafuka 100 ne, ya huta na tsawon kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, ya sake tashi. Wato bai wuce shafuka 5,000 a daƙiƙa. Gigabayit 16 kuwa shafuka 4,194,304 ne, saboda haka zagaye ɗaya zai ci kimanin minti 14, alhali shafi ba ya shiga jeri na biyu sai an gan shi sau biyu bai sauya ba. In an hanzarta ɗan aiken, sai ya cinye lokacin da ya kamata manhajojin mutane su samu.

Akwai kuma wata tsadar da ba a cika lura da ita ba. Kowane shafi da ake sa wa ido yana da 'yar takardar bayani mai bayit 64 a na'urorin zamani. Tun da 64 sau 64 shi ne 4,096, in ba a sami tsimin shafi ɗaya cikin kowane 64 da ake dubawa ba, to an yi asara ke nan, ba riba ba.

Gyare-gyaren da aka yi sun bi waɗannan matsaloli ne. A 2017 aka ƙayyade cewa masu tarayya a kwafi ɗaya kada su wuce 256, domin in cibiya ta so ta gusar da shafin kada ta daɗe tana bin masu shi ɗaya bayan ɗaya. A 2019 aka maye gurbin hanyar lissafa lambar shaida da wata mai suna xxhash, wadda ta fi ta da sauri. Amma gyaran da ya fi muhimmanci, a ganin wannan maƙala, shi ne na fitowa ta 6.7 a farkon 2024, domin shi ne ya rage yawan aikin kansa maimakon hanzarta shi: shafin da aka yi ta dubawa ba a samo masa tagwai ba, sai a riƙa tsallake shi, kuma gwargwadon daɗewarsa a haka gwargwadon yawan zagayen da za a ƙyale shi. Fitowa ta 6.8 ta ƙara da wani mashawarci wanda ke daidaita yawan shafukan da za a duba da kansa, bisa ga lokacin da ake so zagaye ya ɗauka.

Sai dai akwai matsalar da sauri ba ya magancewa. Rubutu a kan haɗaɗɗen shafi ya fi jinkiri, saboda kwafin da ake yi tukuna. Mai mugun nufi zai iya ƙirƙirar shafi, ya jira, ya yi rubutu a kansa, ya auna lokacin. In ya ga jinkiri, ya gane cewa maƙwabcinsa a kan na'urar yana da irin wannan shafi. A 2016 masu bincike a jami'ar Vrije da ke Amsterdam sun nuna cewa ana iya haɗa wannan dabara da wani rauni na ƙwaƙwalwar kanta a lalata mabuɗin tsaron wata kwamfutar kwaikwayo. Tun kafin wannan, kamfanin VMware ya riga ya daina haɗe shafuka tsakanin kwamfutocin kwaikwayo daban-daban, sai in mai na'urar ne ya kunna da kansa. A Linux ma ɗan aiken a kashe yake zuwa daga cibiya, kuma ba ya taɓa shafin da ba a yi wa rajista ba.