Motar da Ta Ƙi Mutuwa: Me Ke Faruwa a Cikin Inji?

Ni Hausa ba a gida na tashi da ita ba, a kasuwa da tashoshin mota na garinmu Lafiya na tsince ta kafin in zo in karance ta a jami'a. Saboda haka kunnena ya saba da Hausar direbobi da kanikawa. A cikin maganganunsu akwai wadda take burge ni, wato "mota ta ƙi mutuwa". Bahaushe yana tayar da mota, yana kashe ta, idan ta tsaya da kanta kuma ya ce ta mutu, kamar dai abu mai rai. To, wani lokaci direba zai murɗa makulli ya zare shi, amma injin ya ci gaba da kakkarwa yana tari na ɗan lokaci kafin ya yi shiru. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin hakan.

Mai karatu zai lura cewa tsofaffin motoci ne suke yin wannan hali, irin su Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya daɗe yana fitar da ita har cikin shekarun 2000. Ita da a-kori-kurarta sun sha ɗaukar fasinja da doya a hanyoyin Doma da Akwanga da Makurɗi.

Injin fetur yana buƙatar abu uku kafin ya yi aiki: iska da mai da wuta. Kafireto ne yake gauraya iska da fetur, fistin ya zuƙo haɗin zuwa cikin silinda ya matse shi, sannan fulogi ya ƙyasta masa wuta. Fashewar da ta biyo baya ita take tura fistin ƙasa, injin ya juya. A tsohuwar mota, abin da makulli yake yankewa shi ne wutar da ke zuwa fulogi kawai. Fetur yana nan a cikin kafireto, kuma famfon da ke kawo shi injin ne da kansa yake juya shi. Muddin inji bai gama tsayawa ba, zai ci gaba da zuƙar iska da mai. Ke nan biyu daga cikin ukun suna nan, saura wuta. Idan aka sami wani abu a cikin silinda da ya yi zafi ƙwarai, shi sai ya ari aikin fulogi.

Mene ne wannan abu? Galibi dai kunkunniya ce. Inji ya shekara ashirin ko talatin yana ƙona fetur, wani lokaci har da baƙin mai idan zoben fistin ya cinye, sai baƙin dauɗa ya taru ya daskare a kan fistin da bakin bawul. Idan mota ta sha tafiya, wannan dauɗa yakan yi ja kamar garwashi. Duk wadda ta taɓa girki da itace ta san cewa kashe harshen wuta daban, mutuwar garwashi daban. Bugu da ƙari, kunkunniyar tana rage faɗin wurin da ake matse haɗin, matsin ya ƙaru, zafi ma ya ƙaru. Shi ma fulogi, idan aka sa wanda bai dace da injin ba, bakinsa yakan riƙe zafi ya zama garwashin.

Turawa sun raɗa wa wannan matsala suna daga injin dizal, kuma sunan ya dace. Injin da Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala a 1897 ba shi da fulogi mai ƙyasta wuta. Yana matse iska ne sosai, kamar ninki 14 zuwa 22, har zafinta ya wuce digiri 500, sai a fesa mai ya kama da kansa. Injin fetur na tsohuwar mota kuwa matsinsa bai wuce ninki 8 zuwa 10 ba. Motar da ta ƙi mutuwa tana kwaikwayon injin dizal ne, sai dai mummunan kwaikwayo, domin wutar tana kamawa ba a kan lokaci ba, kuma ba a kowace silinda ba. Abin da ke kawo jijjiga da ƙwanƙwasa ke nan. Wani lokaci ma injin yakan juya da baya kafin ya tsaya, ya yi atishawa ta bakin kafireto.

Garwashi kaɗai ba ya isa sai an ba shi abinci. A nan ne silo ya shigo, wato juyawar inji lokacin da mota take tsaye ba a taka totur ba. Direbobi da yawa sukan sa a ɗaga musu silo don kada mota ta riƙa mutuwa a cunkoso. Idan silo ya yi sama, ƙofar kafireto tana buɗe fiye da kima, mai da iska suna wucewa da yawa ko bayan an kashe mota. Akwai kuma zafin inji daga lagireto mai yoyo ko fambel da ya saki, ga zafin Lafiya a watan Maris. Gurɓataccen fetur, musamman wanda aka gauraya da kananzir, shi ma yana saurin kamawa da kansa idan aka matse shi.

Masu ƙera motoci sun san da matsalar. A kafireto da yawa na shekarun 1970 da 1980 sun sa wata 'yar na'ura mai aiki da lantarki wadda take toshe hanyar man silo da zarar an kashe makulli. Idan ta lalace, ko aka cire mata allura don a huta da sayen sabuwa, sai matsalar ta dawo. Motocin zamani masu injekta kuwa kwamfuta ce take ba da mai, makulli yana yanke mai da wuta lokaci guda, shi ya sa da wuya ka ga sun yi haka.

A ganina, bai kamata direba ya yarda a buɗe masa inji tun farko ba, domin aiki ne mai cin kuɗi da kwanaki, kuma wanda abincinsa ke kan mota ba ya son kwana a gareji. Bakanike ya fara duba silo da fulogogi da ruwan lagireto da saitin wuta, waɗanda duk aikin awa ɗaya ne ko biyu. (Af, ɗalibai su dubi kalmar "bakanike": daga Ingilishi aka aro "makaniki", sai Hausa ta mayar da ita tamkar sunan ƙabila, bakanike da kanikawa, kamar Bakatsine da Katsinawa.) Kankare kunkunniya shi ne mataki na ƙarshe. Kafin a kai ga gyara, direbobi suna da dabara: a taka birki da ƙarfi, a sa giya, a kashe makulli, a saki kuloci a hankali, nauyin mota ya tsayar da injin.

Akwai wata matsala mai kama da wannan da ya kamata a bambance. Idan an zare makulli amma inji yana juyawa lafiya lau, ba tari ba jijjiga, kuma bai da niyyar tsayawa, to ba garwashi ba ne. Wuta ce take ci gaba da isa fulogi, ko daga makulli da ya lalace, ko daga wayoyin da aka haɗa ba daidai ba har wutar da inji ke samarwa don cajin batir ta sami hanyar komawa. Wannan aikin mai gyaran waya ne.